Rabin Maganar Kawu

Shekara goma sha biyu na yi ina ɗaukar bidiyon biki a Talata Mafara, daga ɗaurin aure zuwa suna zuwa walimar saukar karatu. Abu guda sana'ar ta koya mini: a ajiye mai kyau, a zubar da sauran. Idan gwaggon amarya ta tayar da rigima a kan rabon shinkafa, ba za ka gan ta a faifan ba, sai dai ka gan ta tana guɗa. Na iya wannan aiki har na daina ganin sa a matsayin ƙarya.

Wata rana wata mata ta kira ni daga Abuja. Ta ce suna haɗa fim na gaskiya a kan juyin mulkin soja na shekarun baya, da yadda aka riƙa amfani da rediyo ana juya tunanin jama'a. Suna son muryar dattijan ƙauye, amma ba za su iya zuwa Zamfara ba saboda halin da hanya take ciki. Ni ne zan zama idonsu. Ban ɓoye ba, kaina ya kumbura. Na je Bakura na ɗauki tsofaffi uku, duk abin da suka tuna shi ne an wayi gari rediyo yana ta badujala, sai kowa ya ɗauki fartanyarsa ya tafi gona. Na san wannan ba zai ishe ta ba, sai na tuna da kawuna.

Kawu wan mahaifiyata ne, a Maradun yake. Da ƙuruciyarsa gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, kuma kunnensa na hagu ba ya ji. Kowa a danginmu ya san dalili, amma ba a zancen. Bayan wani juyin mulki, gidan rediyon gwamnati ba ya faɗin komai sai yabon sababbin shugabanni, mutane suka riƙa taruwa a rumfarsa yana kamo musu tashoshin waje. Ranar wata kasuwa sojoji suka zo, suka farfasa rediyoyin mutane da ke hannunsa, suka kwantar da shi suka yi masa bulala a gaban surukinsa, ɗayansu ya sa masa gindin bindiga a kunne. Tun daga ranar bai sake cire riga a gaban kowa ba.

Sai da mahaifiyata ta sa baki ya yarda. Na hau babur da sassafe, don in gama in juyo kafin la'asar. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a zaure, na maƙala masa makirufo a wuya. Gaisuwa kaɗai ta ci mana lokaci, don sai da ya tambayi lafiyar kowa har da babur ɗin. Da na tambaye shi mulkin soja, ya ce, "Ɗan nan, mutanen ga da kaka tambaya duk sun riga mu gidan gaskiya. Ba ni hwara ambaton mamaci da sharri nai. Bari in hwaɗi alherinsu tukuna."

Haka yake tun da na san shi. Ko zancen ɓarawon akuya za a yi, in dai ya mutu, sai Kawu ya fara da cewa yana gaida mutane. Ya ce a zamaninsu an yi hanya, ma'aikaci yana zuwa ofis da wuri, mutum yana kwana da ƙofarsa a buɗe, Allah ya saka musu, Allah ya gafarta musu. Ya ɗauki kusan minti biyar yana wannan. Sannan ya gyara zama, ya fara ainihin maganar. Fiye da awa guda yana ba da labarin rumfar da bulalar da kunnen, muryarsa ba ta rawa. A ƙarshe ya juya baya ya ɗaga rigar, na ɗauki tabon.

Wanda bai taɓa tura bidiyo daga Talata Mafara ba, ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Sabis ɗin yana zuwa yana ɗaukewa, sai ka kai ƙarshe ya katse ka koma farko. Don haka na yanka hirar gida shida, na fara tura na farko, wanda Kawu yake zaune tsaf, haske ya yi kyau, yana addu'a. Ya tafi. Na biyun ya ƙi, na wuni a bakin tasha ina ɗaga waya sama kamar mai tallar ƙosai. Washegari ma haka. Rana ta uku matar ta rubuto cewa abin da na turo ya yi daidai da abin da suke nema, kada in wahalar da kaina. Na ce mata akwai saura. Ta ce to, in sabis ya samu. Ban gaya mata cewa sauran shi ne maganar ba, don ni ma a raina na ga na farkon ya fi kyan gani.

Ranar Asabar aka kira ni biki a Faru, katin kyamarata ya cika. Na duba, na ga hirar Kawu ce ta cinye wuri. Na ce ai na tura, na goge. Da yatsana na goge, ba wanda ya sa ni.

Bayan wata bakwai fim ya fito. Mai sharhi ya yi bayani da Turanci cewa farfagandar soja ta shiga jinin talakawa, har yau akwai waɗanda ba su farka ba. Sai ga Kawu da farar rigarsa yana cewa Allah ya saka musu. Fim ɗin da aka yi don tona yadda ake yanke gaskiya, da rabin maganar kawuna ya kafa hujja. Na kira matar, ta ba ni haƙuri da murya mai daɗi, ta ce in turo sauran za su duba. Na kashe wayar ban gaya mata na goge ba.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi, don ba kowa ke kallon irin wannan fim a wajenmu ba. Amma a lokacin an yi juyin mulki a wata ƙasa maƙwabciya, gari ya ɗauki zancen soja. Wani wanda ban sani ba ya ciro guntun Kawu, ya rage shi zuwa rabin minti, ya sa masa badujala a baya, ya rubuta a ƙasa cewa dattijan Arewa sun ce soja su dawo. Cikin mako guda ya zagaye wayoyi. 'Yan kabu-kabu a Maradun suka riƙa sara masa in ya wuce. A majalisarsu ta ƙofar masallaci, wani abokinsa da ya ga bulalar da idonsa ya ce masa, "Ashe dukan ya yi maka daɗi." Kawu bai sake zama a majalisar ba.

Na yi wata biyu ban taka Maradun ba. Kunya ce, ba hanya ba, ko da yake da hanya na riƙa fakewa. Mahaifiyata ta gaji ta ce in je ko ta je da kanta ta durƙusa masa a madadina.

Na same shi a zaure shi kaɗai. Bayan gaisuwa na faɗa masa komai, har gogewar. Sai ya ce, "Biki anka yi lahiya?" Na ce lafiya lau. Ya ce madalla. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na ce na zo da kyamara mu sake, in sa a intanet da kaina kowa ya gani. Na roƙe shi abu guda: wannan karon ya fara da bulalar, don mutanen yanzu ba su da haƙurin jira. Ya girgiza kai. "Kai ka yanke ni, su ma sun yanke ni. Yanzu so kaka yi in yanke wasu da bakina don a wanke ni? Hanyar da sunka yi, ƙarya ta? Kunna abinka."

Na kunna. Ya fara da alherinsu, kalma kusan ɗaya da ta farko, ni kuwa ina bayan kyamara ina jin kamar in yi kuka don takaici. Sannan ya faɗi sauran, ya sake ɗaga rigar. Kwana huɗu na yi ina tura shi, ban cire ko tari ba. Waɗanda suka buɗe ba su fi cikin tabarma biyu ba. Wayar kuma tana nuna maka inda mai kallo ya gaji ya fita, kusan dukkansu a cikin addu'ar suka fita.

Da na koma gaishe shi bayan girbin gero, muna zaune yana sauraron ƙaramin rediyonsa, sai ya rage masa murya ya ce, "Mutanen da sunka kalla, sun kai wurin kunne?"

Ina zaune ta hagunsa. Na ce ba su kai ba, Kawu.

"Mi kac ce? Zagayo nan, wanga ba shi ji."

Daga inda nake zuwa damansa taku uku ne, kuma a cikinsu na shirya masa amsa mai kyau irin ta faifan biki. Na durƙusa daidai kunnensa mai ji, na ce, "Ba su kai ba, Kawu." Ya gyaɗa kai, ya ƙara wa rediyon murya.