Lambar da Ta Daina Rawa

A gidan surukansa ba mai kiransa da sunansa. Ƙari-ko-ragi suke ce masa, tun ranar da surukarsa ta tambaye shi yaushe za su iso, ya ce, "Ƙarfe huɗu, Mama, da ƙari ko ragin minti goma." Aka kwashe da dariya, suna ya bi shi. Shi kuwa bai ga abin dariya ba. Shekarun da ya yi yana bincike a ɗakin gwaje-gwajen fiziks na jami'a abu guda suka dasa masa a rai: duk awon da ba a faɗi iyakar kuskurensa ba, ƙarya ce aka yi wa kwalliya.

Ba da son ransa ya bar jami'ar ba. Tallafin binciken ya ƙare, gurbi ɗaya ya rage, Farfesan da ke kula da aikinsa ya ba wani ɗalibi wanda sakamakonsa kullum ke fitowa sumul. "Kai matsalarka," in ji Farfesa yana dafa masa kafaɗa, "ka fi son shakka a kan amsa." Haka ya kwaso littattafansa a kwali, digirin da ya ɗauko bai kai ƙarshensa ba.

Ɗakin ajiyar gidan hayarsu ya mayar wurin aiki. Tebur ɗaya, ƙarfen narka dalma, gilashin ƙara girma, gwangwanayen madara cike da ƙananan kayan lantarki, da kwamfutar da sai an jingina ta da bango take tsayuwa. Duk mai buƙata yana yi wa aiki: makullin ƙofa mai lamba, na'urar da ke kashe famfo idan tanki ya cika. Shi zai zana hanyoyin wutar, shi zai rubuta manhajar da ke sarrafa su. Masu kawo aiki Injiniya suke ce masa. Yakan amsa, amma kalmar na yi masa kamar takalmin aro.

Sai wani mai kamfanin ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai ya ba shi aikin ma'aunin zafi. Ya zuba duk abin da ya sani a ciki. Ma'aunin yana jin zafi har na numfashin wanda ya sunkuya kansa, shi ya sa lambobi biyun da ke bayan ɗigo ba sa zama wuri ɗaya.

Mai kamfani ya ƙura wa allon ido, ya ce, "Injiniya, wannan abin naka zazzaɓi yake yi?"

"Yallaɓai, zafin ne ke motsi. Ma'aunin gaskiya yake faɗa."

"Gaskiyar da ke rawa wa zai saya? Mai kaji in ya ga haka cewa zai yi na sayar masa da lalatacce. Ɗaure min ita, ko in kai wa wani."

Kwanaki ya yi yana huci a gida. Matarsa, malamar firamare wadda ta saba gane yaron da ya ɓoye abu a bayansa, ta bar shi ya gama wa'azinsa a kan amanar awo, tana ninke kayan wanki.

"Baban yara, ƙwai sun iya karanta ɗigo ne?"

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Ba don kaji kake wannan taurin kan ba. So kake wani ya kalli allon nan ya ce, kai, wannan masani ne ya ƙera. Wa kake jira ya gani? Farfesan nan naka ko sunan 'ya'yanka bai sani ba."

Ta taɓa inda ke ciwo. Ya shiga ɗaki ya ƙara 'yan layuka a manhajar. Injin zai ci gaba da aiki da zafin gaskiya, ƙwai ba za su cutu ba. Allon kaɗai ya koya wa ƙarya: lambar ba za ta motsa ba sai zafi ya sauya da rubu'in digiri. Ta tsaya ƙyam, da lambobinta biyu a bayan ɗigo, kamar ta san abin da take faɗa.

Abin ya karɓu fiye da zato. Mai kamfani har ya riƙa sayar da ma'aunin shi kaɗai, a kwali mai sheƙi, ba sunan wanda ya ƙera a jiki.

Bayan shekara guda Farfesa ya kira shi. Da ya ga lambar wayarsa sai da ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka. Ashe wata tsohuwar na'urar ba da wuta ce ta mutu, aka tuna akwai wanda ya san cikinta. Duk da haka ya goge rigarsa mafi kyau ya tafi.

Ɗakin gwaje-gwajen na nan da warinsa na ƙura da ƙonanniyar roba. A kan dogon teburin da ya taɓa zama nasa, gwajin da shi ya fara yana tafiya, gwajin da ko ɗan motsin zafi kan rushe lissafinsa. Ma'aunai uku ne a jere ke gadinsa. Tun daga bakin ƙofa ya gane su. Ko a mafarki ya san inda kowace waya ta bi a cikinsu.

Ɗalibin nan, wanda yanzu Dakta ake ce masa, ya nuna su yana murmushi. "A kasuwa muka samo, ga arha. Wata da watanni ko gezau."

"Ka ga kayan aiki," in ji Farfesa. "Naka na da kullum rawa suke, kamar mai su. Sati mai zuwa za mu aika da sakamakon a buga."

Ƙari-ko-ragi ya san abin da ya kamata ya faɗa. Jimla biyu ta isa: ni na ƙera su, kuma allon ƙarya yake. Da ya faɗa, da ya ceci aikin da ya ci ƙuruciyarsa. Ya buɗe baki.

"Af, Injiniya," in ji Farfesa yana duba wayarsa, "in ka gama, ka leƙa fankar ofishina. Ƙara take yi."

Ya rufe bakinsa. Ya gyara na'urar, ya gyara fankar, har ya goge mata ƙura.

A gida ya ba matarsa labari yana dariya, irin wadda ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Ita ba ta taya shi ba.

"Ka faɗa musu?"

"Ba su tambaye ni ba."

"To, ga shi ya gani, har ya yaba. Hankalinka ya kwanta?"

Sai wayarta ta yi ƙara. Mama ce, tana son sanin yaushe za su kawo mata jikoki gobe. Matar ta miƙa masa wayar, kamar yadda suka saba, don tsohuwa ta sami abin tsokana.

"Ƙarfe huɗu, Mama," ya ce.

Tsohuwa ta tsaya jiran ƙari ko ragin da ya saba haɗawa. Da ta gaji da jira, sai ta ce, "Ɗan nan, lafiyarka kuwa?"