Gaisuwar Uwar Kwikwiyo a Al Quoz

Idanunsa na fara gani. Yana bayan gilashin wani shago mai shuɗin haske, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, jikinsa launin zuma. Na tsaya cak har matar da ke bayana ta yi karo da ni. A littattafan da na tashi ina karantawa cikin bargo, haka ake haɗuwa: ido ya faɗa cikin ido, ƙirji ya buga, abin hannu ya suɓuce. To, ledata ta suɓuce, dabino ya watse a ƙasa. Bambancin kawai, gwarzon nawa kwikwiyo ne.

Amma bari in ɗauko tafiyar daga tushe.

KANO

Kafin kiran asuba muka bar gida, ni da mijina Kabiru, mai sayar da kayan gyaran waya. Shi ya saba zuwa Dubai sari, ni kuwa karona na farko, lallen aurena ma bai gama gogewa ba. A filin jirgi ma'aikacin da ke bincike ya buɗe jakata, ya ga yaji da kilishi, a ƙarƙashinsu littattafai jere.

"Hajiya, sari za a je ko karatu?"

"Ƙyale ta, ranka ya daɗe," in ji Kabiru. "Ni waya zan saro, ita soyayya."

Muka ya da zango a Addis Ababa, muka sha shayi mai tsada marar daɗi. Da magariba jirgi ya sunkuyo kan Dubai, fitilu shimfiɗe kamar an zazzage akwatin sarƙoƙi. Na riƙe hannun Kabiru don mu kalla tare, na tarar barci yake yi.

AL QUSAIS

Na zaci ɗaki mai furanni da kyandir. Sai ga mu a unguwar Al Qusais, a fulat ɗin Alhaji Mudi, Bakano mai harkar kago, wato aika kaya gida, kwalaye tun daga ƙasa har silin. Matarsa Anti Saude ta ajiye mana tuwon shinkafa da miyar kuka.

"Ci ki ƙoshi, amarya. Dubai ɗin hoto tana can waje, nan Fagge ce da na'urar sanyi."

Washegari muka hau jirgin ƙasa na cikin gari, muka yini a shagunan waya. Da yamma, a hanyar komawa, na ga idanun nan.

SHAGON

Mai shagon wani mutum ne mai yawan turare da yawan "habibi". Ya fito da kwikwiyon ya miƙo. Na naɗe hannu da gefen gyalena na karɓa. Ya kama gyalen yana tauna, sannan ya lalubo ɗan yatsana ya hau tsotso da ƙarfi.

"Yaya," na ce wa Kabiru, "gonar kajin nan taka ba ta da mai gadi."

"Wannan ɗin? Ƙadangare ma zai kore shi."

"Dubi tafin ƙafarsa. Zai girma."

Aka faɗi kuɗi, kuɗin da zai sayi saniya a Wudil. Kabiru ya haɗiyi yawu, ya dube ni, ya ce, "A gona zai zauna, ba ya taka mini ɗaki. In kin yarda, na saya miki." Wallahi a lokacin ji na yi kamar an buɗe shafin da na fi so, ni ce a ciki.

Sai Baba ya faɗo mini a rai. Mahaifina mafarauci ne a ƙauyenmu, kuma bai taɓa ɗaukar kwikwiyo daga gidan kowa ba sai ya kai wa uwar tuwo da ƙashi, ya tsuguna ta ci a gabansa. Gaisuwar uwa yake kiran abin. Yakan ce za ka raba ta da ɗanta, ko ba komai ka bari ta ga fuskarka.

"Gobe za mu dawo da gaisuwar uwa," na ce. "Yaya, tambaye shi ina take."

Mai shagon ya yi dariya har da dafa tebur. Uwar tana Turai, in ji shi, a wata gona mai ciyawa da dusar ƙanƙara. Na dubi wanda ke tsotson yatsana. Wannan ko yaye bai isa ba, yaushe ya yi doguwar tafiya haka? Na mayar da shi, na ce za mu yi shawara.

Mun yi nisa kaɗan sai wani dogon mutum mai rigar aikin shagon ya biyo mu, riƙe da ledar dabinon da na manta.

"Hajiya, kayanki." Hausa ce, irin ta Zangon Kumasi. Ya rage murya. "Sunana Razak. Uwan nan da kike tambaya, ba Turai yake ba. Yana Al Quoz, nan cikin Dubai. Ni nake ba shi ruwa."

AL QUOZ

Ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da Razak ya ce maigidansa ba ya leƙawa, na sayi kaza rabi da shinkafa a gidan abincin 'yan Yaman, aka ƙunshe mini. Kabiru bai daina mita ba.

"Mutane na zuwa Dubai su ga dogon bene, ni an kawo ni gaida karya."

Direban tasi ya yi ta juya mu tsakanin rumbunan kaya da garejoji, ko'ina ƙarfe da yashi, rana kamar a bakin murhu. Razak na jiran mu a wata ƙaramar ƙofa a bayan wani rumbu marar allo.

Wari ne ya fara tarbar mu. Bayansa kuma shiru. Na ɗauka haushi zai cika mana kunne, amma ba wadda ta ɗaga murya. Kejuna ne na waya, wani kan wani, kowanne da karya a ciki, fanka ɗaya tana juya zafin. Ta saman in ta yi fitsari a kan ta ƙasa yake sauka.

"Ga shi nan," in ji Razak.

Launin zuma ce ita ma, sai dai zumar da ta daɗe a rana. Haƙarƙari a waje, nonuwa sun kumbura suna jan waya, yatsun ƙafarta sun baje saboda tsayuwa a kan raga. Razak ya ce tun da aka kawo ta ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta haihu a kwashe, a sake haɗa ta, ta haihu a kwashe.

Na tsuguna yadda Baba ke yi, na buɗe ƙunshin, na ce, "Sannu, baiwar Allah. Ga gaisuwa." Ba ta ko kalli kazar ba. Hancinta ta turo ta cikin waya, ta bi gefen gyalena, daidai inda ɗanta ya tauna. Ta shaƙa, ta sake shaƙa. Sai ta yi wani siririn kuka, wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

"Yaya, mu saye su duka biyun."

Razak ya girgiza kai. "Hajiya, in kin saya, maigida murna zai yi. Kafin ki kai Kano ya sa wani a gilashi, ya sa wani uwa a kejin nan. Masu tausayi su ne kasuwanshi. Kowa ya gani ya ce bari in cece shi, to cetonsu ne yake cika wurin nan."

Na ji kunya ta kama ni, domin da rannan ba don Baba ba, da ni ma na shiga layinsu.

"To a kai ƙara," na ce.

"Zulai," in ji Kabiru, kuma in ya kira sunana kai tsaye to maganar ta yi nauyi, "mu baƙi ne. Mu za mu hau jirgi mu tafi. Wannan bawan Allah bizarsa a hannun mutumin take."

Razak ya daɗe yana kallon kejin ƙarshe, wanda babu kowa a ciki.

"Na nan ya mutu shekaranjiya," ya ce. "Ni na ɗauke shi a buhu. Na gaji, Alhaji. Mamana ya aiko ni neman halal, ba wannan ba. Ku kira. In sun tambaya wa ya buɗe ƙofa, ku ce Razak."

Kabiru ya cire hularsa ya share gumi. "To, khalas, shi ke nan. Amma Larabcina na ciniki ne kawai. Sai Alhaji Mudi."

RANAR DA AKA BUƊE ƘOFA

Alhaji Mudi ya saurare mu yana cin gyaɗa. Da farko dariya ya yi, har Anti Saude ta ce, "Alhaji, ba kai kake mana wa'azin ladan shayar da kare ba? Ko na baki ne kawai?" Ya ajiye gyaɗar, ya ɗauki waya, ya kira hukumar birni. Larabci ya yi ta zuba, ni dai "wallahi" da "haram" kawai nake tsinta.

Ba a ɗauki lokaci ba. Ana jibi za mu tafi, da hantsi, Razak ya kira: "Hajiya, yalla, yi sauri, sun zo!" Ko ɗankunne ban tsaya sawa ba.

Muka tarar da motocin hukuma, da wata farar mota ta gidan da ake kula da dabbobin da ba su da kowa. An ɗage babbar ƙofar rumbun gaba ɗaya, rana ta shiga har lungu. Mai turaren nan yana gefe, waya a kunne, babu sauran habibi a bakinsa. Ana fito da kejuna ɗaya bayan ɗaya.

Wata likitar dabbobi, Balarabiya mai ɗaurin kallabi, ita ta rungumo karyar da na gaida da hannunta, ta sauke ta a inuwa. Ƙafarta na taɓa ƙasa ta ɗage, kamar ta taka wuta. Ta sake saukewa. Ta yi taku ɗaya, ta tsaya tana mamaki. Daidai nan wata motar ta iso daga shagon da 'yan kwikwiyon gilashi a kwando. Ba wanda ya nuna wa mai launin zuman nan hanya. Ya faɗo, ya mirgina, ya ruga yana tuntuɓe har ƙarƙashin cikinta. Ta kwanta a kan yashi, ta hau lasar sa tun daga kunne har wutsiya.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Guɗa sosai, ta kai amarya, a tsakiyar Al Quoz. Leburori suka leƙo daga garejoji, ɗan sanda ya waiwayo, Kabiru ya rufe fuska da hula. Amma na ga kafaɗarsa tana rawa, kuma da ya sauke hular idonsa ja ne.

"Yashi ne," ya ce.

"Na sani, Yaya."

Likitar ta tambayi sunan da za a rubuta wa uwar. Na ce Zuma.

GIDA

Muka sauka Kano da la'asar, da kwalayen waya, ba kwikwiyo. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Alhaji Mudi da Anti Saude, tuwonsu da wayarsu. Mai gadin gonar kaji kuwa a ƙauyenmu na samo shi, bayan ya isa yaye, kyauta. Da kaina na kai wa uwarsa tuwo da ƙashi.

Razak ya rasa aikinsa a ranar. Ya riƙa kwana a kan kwalayen Alhaji Mudi na wani lokaci, yana jiran ko a mayar da shi Ghana. Sai likitar nan ta neme shi, gidan dabbobin suka ɗauke shi, bizarsa ta koma hannunsu. Yanzu shekaru sun ja, 'yata ta fari har ta shiga makaranta. Razak ya yi aure, shi ne ke kula da ɓangaren masu jego. Zuma ba ta sake haihuwa ba. Ta tsufa a gidan, tana kwana a bakin ƙofar ofishinsa.

Kwanan baya ya turo mini hoto: wani Bature da matarsa, sun zo karɓar kwikwiyo riƙo, sun tsuguna a gaban wata baƙar karya da kwanon nama a hannu. A ƙasa ya haɗo da saƙon murya, yana dariya:

"Hajiya, dokana ke nan. Ko wane ne kai, ba ka fita da ɗa sai ka gaida uwa."