Yaya Mati da Farin Layin Kaduna

Shekara goma sha huɗu ke nan bana da muka kai Yaya Mati makwancinsa a Yankara, Allah ya jiƙan shi, ya kai haske kabarinsa. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa, ɗiyar ƙanwata ke rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini baki. Abin da ya kawo ni jarida shi ne, har gobe in aka ambaci yayana a kasuwa ba a cewa Mati maharbi. Sai a ce Tsallake, a bushe da dariya. Yawancin masu dariyar ba a haife su ba lokacin da abin ya faru. Tau, su ji daga bakin wadda suka sha nono ɗaya da shi.

Gidanmu gidan farauta ne. In an gama kai amfanin gona rumbu aka buga gangar farauta, mazan Pauwa da na Damari da namu sukan haɗu su shiga daji ɗaya. A irin wannan taro, nama na wanda ya riga ɗora hannu ne. Ka soki gada ka tsaya kallon kyan jifanka, kafin ka isa wani ya zare mashinka ya yar, ya ce tasa ce. In ka ja, a fasa kai. Shi ya sa Baba ya hori Mati a kan abu guda: mashi na barin hannu, ƙafa ta bi shi. Da idona na ga Baba yana tsula masa tsumagiya a bayan gida, ba don ya kuskure kututture ba, don ya jefa ya tsaya.

Lokacin muna ƙarƙashin Kaduna, wani malamin wasanni ya ga jifan Mati, ya biyo shi har zaure. Ya ce ana zaɓen samarin da za a tura ƙasar waje, gasar da al'ummomi ke haɗuwa, kuma akwai jifan mashi a ciki. Ina bayan zana ina jin su.

"Me za su soka a can?" in ji Baba.

"Ƙasa, Baba. Nisa ake aunawa."

"Ƙasa? Me ta yi musu?"

Duk da haka ya bar shi ya tafi. Inna ta ɗaura masa dakuwa a ƙyalle, suka hau motar Funtuwa.

Ban je Kaduna ba, amma malamin ya dawo ya zayyana mana komai. Akwai farin layi a bakin fili, wanda ya ƙetare shi jifansa ya tashi a banza. An faɗa wa Mati, ya ce ya ji. Jifan farko, masu awo sai da suka watse, don mashin ya wuce inda suka tsaya suna jira. Amma kafin ya kafe, Mati na tsakiyar fili a guje. Alƙali ya ɗaga jar tuta. Na biyu ma haka. Kafin na ƙarshe malamin ya roƙe shi don Allah don Annabi. Ya jefa, ya cije, ya tsaya cak a bayan layi, mashi ya kafe can nesa. Sai wani mai awo ya nufi mashin ya miƙa hannu. Nan Mati ya zabura, ya tsallake layin yana ihu, "Kai! Wa ya ce ka taɓa?"

Aka ɗauki wani wanda jifansa bai kai rabin hanyar zuwa nasa ba, in ji malamin, ko da yake ina jin takaici ya sa ya ƙara gishiri. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ya dai bi mashinsa? Tau, ɗana ne." Mutanen gari kuwa suka sa masa Tsallake. Ya yi noma, ya yi farauta har gwiwa ta ƙi, bai taɓa amsa sunan nan ba har ya koma ga Allah.

Bara na je Ƙanƙara wajen jikansa Lawali, ya kunna mini gasar duniya a talabijin. Masu jifan mashin ƙarti ne kamar shanun huɗa, har da baƙaƙe irinmu. Wani ya jefa ya faɗi rub da ciki dab da layi don kada ya ƙetare, jama'a na ta tafi. Sai ga wata 'yar mota kamar abin wasan yara, ba direba, an ɗora mata mashin tana dawo da shi. Na ce ina ma Yaya na nan. Jifan zai burge shi, don ba ya hassadar gwani. Amma namiji ya juya wa mashinsa baya, mota ta ɗauko masa? Tashi zai yi ya bar ɗakin. Abin da ba zan so ya gani ba shi ne dajinsa. An daina buga gangar farauta, masu bindiga sun gaje wurin.

Lawali ma jifan mashi yake yi a makaranta, hannun kakansa ne sak. Sai dai ya tsani a kira shi jikan Tsallake, har ya taɓa fasa wa wani baki a kai. Da aka kira shi gasar jiha a Katsina, na ce da ni za a tafi.

"Kaka, ki zauna gida, kada tsufanki ya kore mini 'yan mata."

"Ja'iri. Miji bai zuwa fage ya bar uwargida. In ka taka layin nan, a can za ka sake ni."

A filin Katsina, da aka kira Lawali, ya sheƙo da gudu, ya saki mashi, ya yi tangal-tangal, ya tsaya. Alƙali ya ɗaga farar tuta. Ni dai ban san lokacin da na tashi ba. Sai ji na yi ana busa usur, wani ma'aikaci ya sha gabana a tsakiyar fili, sandata a hannu, na tsallake igiyar da aka kange 'yan kallo.

"Hajiya, ina zuwa? Ana jifa fa!"

Na ce, "Ɗana, matsa. Abinmu zan ɗauko kafin wani ya sa hannu."

Yaya bai bar mana kofi ba, bai bar hoto ba, jirgin da aka ce zai hau ko ganinsa bai yi ba. Hannunsa yana wajen Lawali, wanda ya zo na biyu ranar nan. Ƙafar kuwa ashe ni ya bar wa. Labari ya riga ni isa Yankara. Yanzu in na shiga kasuwa, masu tumatir ke kira, "Hajiya Tsallake!" Ni kuwa ina juyawa in amsa da ƙarfi.