Tamfol a Kan Aikin Wata Tara

Kakana Aubrey Thirkettle ya yi shekara arba'in da huɗu yana aikin gona a Norfolk, a filayen da ko taku ɗaya ba nasa ba ne. Da ya ajiye aiki sai ya tare a rumfar bayan gida, ya soma gina tashar jirgin ƙasa ta ƙauyenmu a kan tebur, kowane tarago bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ta gasken an rufe ta tun kafin a haifi mahaifiyata. Tasa kuwa tana nan yadda take a lokacin girbin 1949, kuma ba ya yarda da ko ƙusa ɗaya da ba ta wannan shekarar ba. Ya taɓa rushe gadar da ya yi sati shida yana haɗawa, saboda ya gano sai bayan shekara uku aka yi wa ta gasken shinge.

Ni kuma na dawo daga jami'a da digirin tarihi, da bakin da ba ya buɗuwa a gaban baƙo. Aiki bai samu ba, sai Kaka ya ɗauke ni, ladana shayi da biskit.

"Farfesa," in ji shi, "injin sussuka nake so a kan tarago, sabo fil daga masana'anta, irin wanda na yi wa ɗurin dami ina saurayi. Hannun nan ya soma rawa, daga wannan na rufe. Tashi ki nuna mana amfanin karatun nan."

Na tashi. Akwai irin injin a gidan tarihin noma, an kewaye shi da igiya. Sau uku ina zuwa da ma'auni a jaka ina dawowa, kafin na iya roƙon mai gadi ya bar ni in tsallaka. Ashe mutumin ya daɗe yana zaton ɓarauniya ce ni, mai jinkirin yanke shawara. Na auna komai, na kwanta a ƙasa na zana cikinsa, na tono tsofaffin tallace-tallace har na gano kalar fentinsa. Kaka yana yanka tagulla, yana dafe hannun dama da na hagu. Wata tara muka yi. Injin ya fito ja da rawaya, har bel ɗinsa yana juyawa in ka hura.

Saura sati uku bajekolin ƙungiyarsu ta masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa na ci karo da wani hoto a ma'adanar takardun gunduma. Tasharmu ce, ga tarago, ga injin sussuka a kai, an lulluɓe shi da baƙin tamfol tun daga sama har ƙafafu. A bayan hoton ga takardar masana'anta: ba a ɗora sabon inji a buɗe, saboda ruwa da hayaƙin jirgi.

Abin da mai digirin tarihi ta yi da wannan hujja shi ne, ta cusa kwafinta cikin littafin girki ta rufe. Kwana goma ina kallon Kaka yana goge injinsa da gashin tsuntsu.

"Kin daina cin biskit," ya ce ran nan, ko ɗagowa bai yi ba. "Me kika gano?"

Na je na ɗauko. Ya sa gilashin ƙara girma ya daɗe yana dubawa.

"Ai kuwa," ya ce. "Wane mahaukaci zai bar sabon fenti a ruwan garin nan? Ni da na kwana na tashi da tamfol, ban tuna ba. Ke da jami'arki ma ba ki tuna ba."

"Kaka, ba fa wanda ya ga hoton nan sai ni."

"Da ni. Miƙo almakashi."

Ya yanka tsohon hankicinsa, ya shafe shi da baƙin fenti. Ɗaurin ne ya gagari hannunsa, ni na ɗaura zare shida yana tsaye a kaina. "Ba haka ba, Farfesa, kaya kike ɗaurewa, ba takalmi ba." Da hannuna na rufe aikin wata tara ruf.

Ranar bajekoli a zauren taro, abokin hamayyarsa Desmond Larwood, tsohon mahauci, ya sunkuya a kan taragon ya kece da dariya.

"Aubrey, tsoho! Tun bara kake ɓuya a rumfa, ashe kwalin ashana ka lulluɓe?"

"Yana iya yiwuwa," in ji Kaka.

Raina ya ɓaci. Na shirya jawabi a zuci, da ma'auni, da shekaru, da kalar fenti. Na matso, na buɗe baki, Malam Larwood ya juyo yana jira.

"Akwai shayi a can," na ce.

Ya yi godiya ya tafi. Kaka ya murɗa maɓalli, jirgin ya ja baƙin ƙunshinsa ya fita daga tasha a hankali.