Ma'azu da Injin Kwance Noti

Ma'azu mutumin Geza ne, manomin albasa, kuma tun da ya sayi tsohuwar a-kori-kurarsa babu makaniken da ya taɓa leƙa ƙarƙashinta. Shi ke juye mata mai, shi ke gyara birki a ƙofar gida. In taya ta yi faci, sai ya zura dogon bututun ƙarfe a sifana, ya hau kai ya yi ta tsalle har noti ya saki. Haka ya yi shekaru har gwiwarsa ta dama ta ƙi.

Bara da rani taya ta sace masa a hanyar Lolo. Ya kasa hawa sifana, ya wuni a rana shi da buhunan albasa. Da ya dawo, matarsa Rahmatu ta zaunar da shi gaban babban ɗansu Badamasi.

"Malam, ka sake wuni bisa hanya, makullin motar nan ya koma hannun Badamasi."

Ma'azu ya ce ya ji, don ya riga ya sami labarin wani inji mai batir da ke kwance noti ba tsalle.

Ranar kasuwa ya tsallaka iyaka ta Tsamiya zuwa Segbana, shagon wani Sambo mai kayan mota. Sambo ya fito masa da guda biyu. Ma'azu ya duba su yadda yake duba san huɗa: ya ɗaga ya ji nauyi, ya leƙa baki, ya buga ƙirji. Sannan ya ce a gwada a tayar motarsa ta baya, wadda lakar fadama ta sa wa tsatsa. Ƙaramin ya yi ta kakari kafin ya kwance noti guda. Babban bugu ɗaya ya yi.

"Baba, ƙaramin batir biyu gare shi," in ji Sambo. "Guda na aiki, guda na caji. Babban guda ɗai ne."

"Wanga ƙaramin nishi ya kai. Ni ban sayen mai nishi, ina da nawa."

Ya ɗauki babban.

Abin da bai lissafa ba shi ne Geza. A garin ba a hana aron kayan aiki. Maƙwabcinsa Na'Allah ya ara don injin ban ruwa, Atiku ya karɓa daga hannunsa don amalanke, wasu kuma ƙarar kawai suke son ji. Ana gobe Ma'azu zai kai kaya kasuwa aka dawo da injin cikin akwatinsa, an goge tas, har da goro a sama. Ba wanda ya yi zancen batir. Shi ma bai tambaya ba, don bincika kayan aro a gaban mai aro abin kunya ne.

Washegari, kusa da Kurgu, tayar gaba ta sace. Ma'azu ya sa jak cikin natsuwa, ya ɗora injin a noti, ya danna. Injin ya yi ɗan tari, ya yi shiru. Notukan kuwa tun farko da injin ya ɗaure su tamau. Wasu makiyaya da ke wucewa suka hau sifana bi da bi, noti bai motsa ba, suka sauko, suka yi masa addu'a suka bi shanunsu.

Sai da azahar ta gota ya kira Badamasi. Badamasi ya zo kan babur, ya kai batir shagon cajin waya a Bagudo, ya dawo da la'asar sakaliya. Ma'azu ya kwance notukan, ya sauya taya, ya sa aka ɗora babur bisa albasa, ya miƙa wa ɗansa makulli.

"Baba, bari mu kai gida tukuna."

"Innarka hannunka ta ce, ba ta ce gida ba."

Ya zagaya ya zauna a gefe, akwatin injin a cinyarsa. Ba su yi nisa ba motar ta faɗa ramin farko.

"Wancan," in ji Ma'azu, "ta hagu aka kauce mai."