Dambun Maguna a Kangon Gidanmu

Duk shekara idan ƙamshin dafaffen nama ya tashi ranar Babbar Sallah, Sallah ɗaya ce take dawo mini, kuma na san ba za ta bar zuciyata ba muddin ina numfashi. Ita ce Sallar farko da muka yi bayan mun tashi daga tsohon gidanmu na unguwar Mansur, a nan ƙasa mai tsarki.

A wannan gida na buɗe ido na ga kakata ta wajen uba tana da wata al'ada. Idan aka kawo naman layya, kafin a ɗora na mutane, sai ta ware wani kaso ta ce na maƙwabta ne. Maƙwabtan nan su ne magunan lungunmu. Za ta dafa tsokar da hanta a ruwa zalla, ba gishiri, ba yaji, ba albasa ko tafarnuwa, don ta ce albasa cinye musu jini take yi. Sai ta juye a ƙaramin turminta ta daka har naman ya yi laushi kamar auduga, ta ɗan busar da shi a kasko ba mai, ta mulmula ƙanana kamar dawon fura, dambun maguna ke nan. Ƙasusuwan kuwa a kai su can bayan dutse, nesa da gida, a ajiye wa karnukan da ke yawo a wajen. Kuma ba ta taɓa sa naman Sallah a baki sai maƙwabta sun ci.

Abin da nake so tun ina yarinya shi ne lokacin dakan. Kaka tana da irin nata lugude: ta daka, ta daka, sai ta ƙwanƙwasa taɓaryar a bakin turmin. Kafin ta yi nisa za ka ga maguna suna saukowa daga katangu suna zama a ƙofar gida. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai ruwan toka da ido ɗaya, wadda Kaka take kira Maƙwabciya kawai. Ita ce kullum ta ƙarshen zuwa, kuma ita kaɗai take ci a tafin hannun Kaka.

Da aikin faɗaɗa hanya ya iso lungunmu, muka koma wani gidan haya a saman bene a unguwar Kudai. Ranar tashi ƙarar motar kaya ta firgita magunan, suka watse. Kaka ta tsaya a ƙofa tana dube-dube har aka kamo hannunta aka sa ta a mota. Tun daga ranar ta fara ramewa. Ta kan zauna gaban taga tana kallon motocin alhazai suna shige da fice, sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Na taho ban yi wa Maƙwabciya sallama ba."

Da Sallah ta zo, hannun Kaka ba ya iya ɗaga taɓarya, kuma mutanen da ke ƙasa da mu sun riga sun yi ƙorafin daka. Sai na dafa naman yadda ta koya mini, na zuba a injin markaɗe. Ya fito sumul, na mulmula, na jera a tire. Kaka ta taɓa ɗaya da yatsa, ta janye hannunta. Mahaifiyata ta kawo mata soyayyar hanta mai zafi, ta ture kwanon a hankali.

"Hajiya, ko yanka ɗaya ki ci, saboda maganinki," in ji mahaifiyata.

"Maƙwabta ba su ci ba."

Bayan la'asar yayana ya ɗauko mota. Shi Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa sai ya ga dama. "Ya Sitti," ya ce wa Kaka, don haka yake kiranta, "yau Idi, mutane na ziyarar dangi, mu kuma ziyarar bissa?" Mage yake nufi.

"Kai dai tuƙa, angon banza," ta ce masa. "Kai da ko tsinken tsire ba ka taɓa kawo mini ba."

Muka yi dariya, amma da muka isa sai dariyar ta tsaya. Ba lungu, ba katanga. Tarin bulo ne da ƙarafa a lanƙwashe, da guntayen tayil suna ƙyalli a rana. Da ƙyar na gane gidanmu, ta dalilin matakalar ƙofa da ta rage a tsaye, ba ta kai kowa ko'ina. Na ajiye tiren a kanta. Na yi ta kira, yayana ma yana nasa "bis, bis" da rabin zuciya. Ko inuwar mage ba mu gani ba. Har aka kira magariba Kaka tana cikin mota, fuskarta a jikin gilashi.

A hanyar komawa yayana ya ce, cikin taushin murya wannan karon, "Halas, shi ke nan, ya Sitti. Wataƙila sun bar wurin."

Ta ce, "Suna nan. Ba su san Sallah ta zo ba ne. Wa ya gaya musu?"

Sai a lokacin na gane. Mu da wata muke sanin Sallah, da kabbara, da sababbin kaya. Su da turmi suke sani. Na yi musu abincin Sallah, amma na yi shi shiru a saman bene, inda ba mai ji. Ranar Kaka ta kwanta da ruwan shayi kawai a cikinta.

Washegari da hantsi na sake dafa wani naman, na naɗe turmin a tsohon zane. Yayana bai yi tsokana ba, shi ya ɗauko kujerar roba ya riƙe Kaka har gaban matakalar. Na durƙusa na fara daka. Ƙarar ta riƙa dukan dutsen tana dawowa, kamar wani gida a can ciki yana amsa mini. Can sai ga kai ya leƙo daga ƙarƙashin wani karyayyen rufi, sai ga wani. Suka fito a rame, gashinsu duk ƙura, suka zauna nesa kaɗan suna kallonmu. Na watsa musu, suka ci da sauri. Amma Maƙwabciya ba ta cikinsu.

"Ba haka nake yi ba, 'yar nan," in ji Kaka. "Matso."

Ta ɗora hannunta a kan nawa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka daka, muka daka, sai ta karkata taɓaryar ta ƙwanƙwasa bakin turmin. Muka sake. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai ji numfashinta yana sama-sama a kusa da kunnena. Sai yayana ya nuna da haɓa.

Maƙwabciya ce tana tahowa a hankali ta kan bulo, tana ɗingishi, ƙashin bayanta a fili. Ta wuce sauran, ta wuce ni, ta tsaya a gaban kujerar. Kaka ta ɗebi dambun da ɗuminsa ta buɗe tafin hannunta. Magen ta shinshina, ta ci.

"Barka da Sallah, Maƙwabciya," Kaka ta ce. "Ki yafe mu."

Yayana ya lallaɓo da kwali don mu tafi da ita, ko da a ɓoye ne, tunda ba a yarda da dabba a gidan hayar ba. Tana ganinsa ta ja da baya ta haye matakalar.

"Ƙyale ta," in ji Kaka. "Mu ne muka tashi. Ita tana gida."

Sannan ta miƙo mini hannu. Na ciro 'yar hantar da mahaifiyata ta ƙunsa mana, ta gutsura ta tauna a hankali, idonta a kan magen. Wannan shi ne naman layya na ƙarshe da ta ci. Kafin azumi ya zagayo Allah ya yi mata rasuwa.

Da wata Sallar ta zo na koma da turmin. Na tarar an share wurin, an shimfiɗa kwalta, ko matakalar babu. Na tsaya a gefen hanya na daka, na ƙwanƙwasa bakin turmin yadda take yi, motoci suna wucewa. Ba wanda ya fito.

Har yau ina yin dambun duk Sallah, ba gishiri ba albasa, ina sauka da turmin bayan gidanmu na Kudai, magunan nan ma sun fara gane ƙarar. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, alheri ba ya cika don an dafa shi an jera a tire. Sai ka je inda mai shi yake, ka kira shi da kiran da ya sani, tun yana nan da zai amsa, kai ma kana nan da za ka kira.