Yadda Akwati Ya Koyi Tsokanar Inna

Shekarun baya, an yi wata damina da ruwa ya sauka da wuri, ciyawa tana tsere da dawa. Shekara ce mai albarka, amma ba ta bar kowa ya zauna ba. A cikinta ne mantuwa ta kama uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna.

Sai ta yi azahar, ta shafa, ta tashi ta sake alwala. Sai ta tambaye ni ko Malam ya dawo daga kasuwa, alhali Malam, mijinta, ya daɗe da rasuwa. Da muka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba iska ba, ba sammu ba. Abin da ya fi tsorata shi hawan jininta ne. Ƙwaya ɗaya kullum da rana tsaka, kada a tsallake.

Rana tsaka kuwa ina gona, na kai abinci, na ɗan taɓa gayaunata ta gyaɗa. In na bar mata ƙwayar a murfin kwano, sai na dawo na tarar ta ƙulle ta a bakin zane, ko ta jefa wa kaza.

Wan mijina, Alhaji, yana zaune a birni, unguwar Bacirawa. Ya ce in ba za ta riƙa sha ba, zai ɗauke ta ta koma wurinsa. An taɓa kai ta can sau ɗaya. Wuni take yi a bakin ƙofa tana kuka, tana tambayar masu wucewa wa ya ɗauke mata rumbu. Ban so a sake.

Kafin a kai ga haka, ya kawo wani ɗan akwati kamar ƙaramar rediyo, ana cajinsa da sola. In lokaci ya yi sai ya yi magana, wani ɗan aljihu ya turo kansa da ƙwaya a ciki. Muryar da ya zo da ita ta wata mace ce mai Turanci. Tana farawa Inna ta ce, “Wace ce wannan mara tarbiyya, ta faɗo wa mutane gida ba sallama?” Ta kife shi da kwando kamar kaza mai kwanci.

Alhaji ya ce abu mai sauƙi, ana ɗaukar murya. Ya gyara zaman hula, ya yi gyaran murya, ya ɗauki tasa. Kashegari na laɓe a bayan danga ina kallo. Akwati ya ce, “Salamu alaikum, Inna, ni ne, ɗanki. Ki daure ki sha magani.”

Inna ta ja mayafi, ta juya fuska bango. Can ta hango ni, ta yi ƙasa da murya.

“Ke ’yar nan, ce wa wancan yaron ya tafi, mutane suna ji.”

Sai a lokacin na tuna. Alhaji ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa amsa maganarsa a gaban mutane ba. Ta manta shekarunta, ta manta an sauke Malam a kabari, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Wancan yaron kuwa gemunsa ya yi furfura.

Aka ɗauki muryar mijina, shi ne auta. Wannan karon ta amsa da fara’a.

“Autana, ka ci abinci kuwa? Na ji muryarka ta rame.”

Ta cire ƙwayar ta ajiye gefe, ta cusa masa lomar tuwo a aljihun, har da miyar kuka. Da tsinke na yi ta sakace shi.

Sai na ce bari ni ma na gwada. Ai na yi yaƙi da jahilci, ina karanta abin da aka rubuta a jikin madannai. Na danna, na yi sallama cikin ladabi, na yi bayanina tiryan-tiryan. Ashe ban danna daidai ba, sai da na gama ya fara ɗauka, lokacin da bunsuru ya tura kai cikin dawar da na jiƙa. Rana tsaka na yi, maƙwabciyata ta zo dubiya, akwati ya kware baki da muryata: “Kai! Fice min, tsohon ɓarawo!” Har yau in mun haɗu a gidan biki sai ta tambaye ni lafiyar ɓarawo.

Alhaji ya aiko cewa ranar Juma’a zai zo da mota, a haɗa mata kaya. Na ƙulle su a tsohon zane na tura ƙarƙashin gado, ina yi ina share ido.

Ana cikin haka sai ga Iya, ’yar kawun Inna, taubashiyarta tun suna ’yan mata. Ta shigo tana dogara sanda, ta tarar Inna ta ture kwanon fura ta ce ba ta sha.

“Baiwata, ashe har yanzu ba ki iya shan fura ba? Miƙo nan, abincin manya ne.”

“Wa ce baiwarki? Ke da bakinki kamar tsohuwar jaka?”

Ta kafa kai, sai da ta ga ƙasan kwano.

Na ɗauko akwati a hankali na ce, “Iya, don Allah ki yi wa wannan abin magana, kamar ita kike yi wa.”

“Zagi kike so ko nasiha?”

“Wanda kika fi iyawa.”

Wannan karon sai da na ga jar fitila ta kama kafin na ɗaga mata kai.

Ranar Juma’a Alhaji ya iso da hantsi. Na roƙe shi ya ɗan zauna a inuwar rumbu, kada ya bari ta gan shi. Rana ta take, akwati ya buɗe baki.

“Salamu alaikum, baiwata matsoraciya! An ce ƙwaya ’yar mitsitsiya ta gagare ki haɗiya. Bar ta nan, in na zo na nuna miki yadda ’ya’yan maza suke yi.”

Inna ta miƙe zaune.

“Ni? Ni ce matsoraciya? Ke da kika gudu kika bar tulu saboda kwaɗo?”

Ta finciko ƙwayar, ta kora da ruwa, ta matsa kusa da akwati ta wangale baki.

“Duba! Duba da kyau, makauniya!”

Alhaji ya toshe baki da hula, kafaɗunsa suna rawa. Da ya sauke hular na ga idonsa ya yi ja. Ya yi Juma’a a garinmu, ya koma shi kaɗai.

Abin da ya fi ba ni dariya, kuma yakan sa ni hawaye in na tuna, kullum zagin sabo ne a kunnenta. Kullum sai ta fusata, kullum sai ta ci Iya da yaƙi. Mu muna ta lissafin abin da ya zube daga kanta, ba mu duba abin da ya rage ba. Ta san wanda take jin kunya, da wanda take tausayi, da wadda ba za ta taɓa bari ta ga bayanta ba. Akwatin ya yi aikinsa, Allah ya saka wa wanda ya ƙera shi, amma sai da muka sa masa bakin da ya san ta. A ɗakinta ta ƙarasa kwanakinta, Allah ya jiƙanta.

Kashegarin wannan Juma’ar, tana bayan gida tana alwala, na jawo ƙullin daga ƙarƙashin gado na kwance, na mayar da kowane zane inda yake. Ta shigo ta same ni ina jera kwanukanta.

“Baƙi za mu yi ne, ’yar nan?”

Na ce, “A’a, Inna. Mu ne dai.”